Gabatarwar Littafi: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Tsallake Shafukan Farko

Da zarar littafi ya shiga hannun yawancinmu, babi na ɗaya muke nema. Shafukan da suka gabace shi, waɗanda akan sa wa suna gabatarwa ko muƙaddima ko share fage, sai mu haɗa su mu juye gaba ɗaya, muna ganin karanta su ɓata lokaci ne. Ɗalibi mai shirin jarrabawa haka yake yi, wani lokaci ma har da malaminsa. Daga baya kuma sai ka ji mutum yana cewa labarin bai shige shi ba, ko ya rasa gane abin da ya sa mutanen ciki suke aikata abin da suke aikatawa.

Sau da yawa laifin ba na labarin ba ne. Kowane labari yana da inda ya faru, da lokacin da ya faru, da irin zaman da mutanensa suke yi. Wanda bai san waɗannan abubuwa uku ba zai karanta kalmomi tiryan-tiryan, amma rabin ma'anar za ta wuce shi. Babban aikin gabatarwa ta ƙwarai shi ne ta damƙa masa su kafin ya shiga. Ga bayanin yadda take yin haka, da misalai daga littattafan da muka sani, musamman Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wa ke rubuta gabatarwa?

Ba duk abin da ke farkon littafi ne gabatarwa ba. Akwai sadaukarwa, akwai godiya, akwai jerin abubuwan da ke ciki. Waɗannan kowanne da amfaninsa, amma ba su ne abin maganarmu ba. Gabatarwar da muke nufi iri uku ce.

Ta farko ita ce wadda marubucin ya rubuta da kansa. A nan yakan faɗi abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami, da waɗanda yake rubuta wa, da inda ya samo abin da zai faɗa. Ta biyu ita ce wadda aka roƙi wani ya rubuta, galibi malami ko dattijo ko wanda ya yi suna a fagen, domin ya gabatar da marubucin ga jama'a kuma ya shaide shi. Ta uku ita ce ta mai fassara ko mai tace littafi, wadda akan ƙara idan littafin ya tsufa aka sake buga shi, ko ya fita daga harshensa ya shiga wani.

Ta ukun nan ita ta fi ɗaukar nauyin bayyana wuri da zamani, domin mai rubuta ta ya san cewa masu karatun da ke gabansa ba su ne waɗanda marubucin ya yi wa rubutu tun farko ba.

Me ya sa labarin kansa ba ya faɗin komai?

Marubuci yana rubuta wa mutanen zamaninsa ne, kuma ba ya tsayawa ya bayyana musu abin da kowa ya sani. Mai rubuta labari a Kano yau ba zai ɓata shafi yana bayanin abin da ake nufi da lefe ko ɗan sahu ko sallar idi ba. Idan ya yi haka ma, masu karatunsa za su gaji da shi. To haka marubucin 1934 bai ga dalilin bayyana ayari ko hari ko fansa ba, domin a lokacin akwai dattawa a kowace unguwa da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu.

Abin da marubuci ya bari bai faɗa ba, saboda kowa ya sani, shi ne yake fara ɓacewa idan shekaru suka ja. Kalmomin suna nan a kan takarda, amma ilimin da ke bayansu ya bi masu shi kabari. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Mai karatun da ya shiga tsohon littafi baƙo ne a garin da bai taɓa zuwa ba, gabatarwa kuwa ita ce ɗan garin da ya tare shi a ƙofa ya nuna masa hanyar fada da ta kasuwa.

Zamani: yaushe labarin ya faru?

Shaihu Umar yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙaga labari da Rupert East ya shirya a 1933, lokacin yana jagorantar Hukumar Fassara a Zariya. Daga wannan yunƙuri ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ɓalewa a lokacin matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba.

Labarin na wani babban malami ne da ke zaune a Rauta, kusa da Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya warware musu. An sace shi yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren Sahara ya riƙe shi kamar ɗansa, ya yi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa tana nema, ita ma aka yaudare ta aka bautar da ita.

Littafin ba ya jera shekaru kamar littafin tarihi. Mai karatu na yau zai iya gama shi bai san ko abin ya faru shekara ɗari da suka wuce ba ne ko ɗari biyar. Amma akwai alamomi a ciki, kamar ambaton Rabe, kuma aikin mai gabatarwa ne ya tsince su ya fassara. Rabe ya ci Borno a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawan Ingila a 1903. Da an sa waɗannan shekaru a gaban mai karatu, sai ya gane cewa rayuwar Umar ta faɗo ne a ƙarshen ƙarni na 19, wato shekarun ƙarshe na Daular Sakkwato kafin zuwan Turawa, lokacin da hare-haren kama bayi suka addabi ƙauyuka. Nan take tsoron da ke cikin labarin zai zama na gaske a wurinsa. Zai fahimci dalilin da ya sa barin yaro shi kaɗai na ɗan lokaci yake iya zama rabuwa ta har abada.

Wuri: ina ne waɗannan garuruwa?

Sunayen garuruwa sun cika Shaihu Umar: Kagara, Fatika, Makarfi, Kano, Murzuk, Tarabulus. Na farkon mun san su, ko aƙalla mun san jihohin da suke a yau. Amma ɗalibai nawa ne za su iya nuna Murzuk a taswira? Gari ne a yankin Fezzan, kudancin Libiya ta yau, kuma ya daɗe yana cikin manyan zangunan hanyar da ta haɗa Borno da Tarabulus ta Bilma. Akwai kuma wata hanyar da ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas kafin ta kai bakin teku.

A wancan zamani tafiyar watanni ce a kan raƙuma, daga rijiya zuwa rijiya. Ayari yana fita da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa da rinannun tufafi da bayi, ya dawo da takarda da alharini da duwatsun ado da takubba da littattafai. Larabawan Gadamas da na Tarabulus suna da gidajensu da wakilansu a cikin birnin Kano, suna ciniki a kasuwar Kurmi. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda ta mulki Tarabulus har zuwa mamayar Italiya a 1911, ta haramta fataucin bayi daga Afirka tun 1857, amma cinikin ya ci gaba a ɓoye shekaru masu yawa bayan haka.

Wanda aka ba wannan bayani a shafi biyu ko uku zai karanta tafiyar mahaifiyar Umar da wani ido dabam. Zai san cewa mace ce ita kaɗai, ba dangi ba mai tsaya mata, ta shiga hanyar da maza masu makamai ma sai sun haɗu da yawa suke bi. Zai kuma gane cewa kasancewar Balarabe kamar Abdulkarim a Kano ba ƙirƙirar marubuci ba ce, abu ne da aka saba gani. Shi ya sa taswira guda ɗaya a farkon irin wannan littafi take yin aikin da dogon sharhi ba zai yi ba.

Zamantakewa: wace doka mutanen ciki suke bi?

Sanin shekara da sanin gari ba su isa ba. Abin da ya fi wuya shi ne sanin ƙa'idojin da ke tafiyar da rayuwar mutanen labarin: wa ke sama da wa, me ake jin kunyarsa, me ake alfahari da shi, wane abu ne laifi, wane ne ba laifi ba.

Misali mafi kyau a nan shi ne littafin Baba of Karo, wanda ya fito a Landan a 1954. Tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya ce, Baba, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951. Ta ba Mary Smith labarinta da Hausa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ita kuma ta rubuta ta fassara zuwa Turanci. Baba ta yi maganar ƙuruciyarta a Karo, da rinjin gidansu da bayin da ke ciki, da hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyukansu, da aure-aurenta, da kishiyoyi, da ƙawaye, da 'ya'yan riƙo, da bori, da zuwan Turawa.

Baba tana magana ne irin ta hira a tsakar gida, ba ta tsayawa yin bayani. Don haka mijin Mary, M. G. Smith, masanin zamantakewa wanda daga baya ya rubuta littafi kan sarautar Zazzau, ya rubuta doguwar gabatarwa da ƙarin bayanai. Ya shimfiɗa wa mai karatu tarihin ƙasar da jihadin 1804, da tsarin sarauta, da yadda gida da gandu suke, da dangantaka da aure da saki, da matsayin bawa da na ɗa. Ba don wannan shimfiɗa ba, Baturen da ya karanta cewa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko tana kau da kai daga gare shi a gaban mutane, zai ɗauka ƙiyayya ce. Sai an gaya masa cewa kunya ce da kara, sannan zai ga ƙaunar da ke ɓoye a ciki.

Haka abin yake idan an juya. Ɗalibin Katsina ko Maraɗi da ya ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, shi ma baƙo ne a ƙasar Ibo ta ƙarshen ƙarni na 19. Bai san darajar doya a wurinsu ba, bai san yadda mutum ke sayen muƙami da guminsa a garin da ba sarki ba, bai san matsayin dodanni a shari'arsu ba. Saboda irin wannan buƙata ne kamfanin Heinemann ya fitar da wani bugu a 1996 ɗauke da maƙalar Don Ohadike kan tarihi da al'adun Ibo, da ta Simon Gikandi kan matsayin Achebe a adabin Afirka. Wanda ya karanta su ba zai tsaya ga ganin Okonkwo, jarumin labarin, a matsayin mutum mai zafin zuciya kawai ba. Zai ga al'ummar da ta gina shi da abin da take auna namiji da shi.

Zamani biyu ne a cikin kowane littafi

Wani abu da masu karatu kan manta shi ne, lokacin da labari ya faru dabam, lokacin da aka rubuta shi dabam, kuma dukansu biyu suna da tasiri.

A 1901 Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya fitar da sanarwar da ta hana kai hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma sanarwar ba ta 'yanta waɗanda suke cikin bauta a lokacin kai tsaye ba. Da yawa sun ci gaba da zama a hannun iyayengijinsu, wasu suna biyan murgu, wasu suna tara kuɗin fansar kansu. Sai a 1936 aka kafa dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ke nan lokacin da Shaihu Umar ya fito, ba tarihin da ya wuce Ɓalewa yake bayarwa ba. Cikin waɗanda za a karanta wa littafin akwai waɗanda aka taɓa sacewa, akwai waɗanda aka sace wa 'ya'ya, akwai kuma waɗanda gidajensu suka mallaki bayi.

Sanin wannan yana amsa tambayar da matasa kan yi: me ya sa marubucin bai fito ya la'anci bauta da kakkausar murya ba? Matashin malamin makaranta ne yake rubutu ƙarƙashin mulkin Turawa da na sarakuna, littafin kuma hukumar gwamnati za ta buga don makarantu. Sai ya zaɓi ya nuna maimakon ya yi huɗuba. Ya bar wahalar uwar Umar ta yi magana da kanta. Mai karatun da bai san halin da ake ciki a 1934 ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin rashin damuwa, alhali duk wanda ya bi labarin matar nan har ƙarshe ya san inda zuciyar marubucin take.

Akwai ma zamani na uku, wato na mai gabatarwar. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Turanci ya fitar a 1967 tare da gabatarwarsa, shekara guda bayan kisan Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966, lokacin da duniya ke son sanin wane ne wannan Firayim Minista. A 1989 aka sake buga fassarar a Amurka da sabuwar gabatarwa ta Beverly Mack, aka kuma gabatar da littafin a matsayin labari kan bauta a Afirka, domin abin da ɗaliban can suke nazari ke nan. Shi kuwa Bahaushe ya daɗe yana karanta shi a matsayin labarin haƙuri da ƙaddara da ɗaukakar ilimi. Littafi ɗaya ne, amma kowace gabatarwa tana haska ɓangaren da mutanenta suke nema. Haka Baba of Karo: da aka sake buga shi a 1981, an ƙara masa sabuwar gabatarwa ta Hilda Kuper, a lokacin da nazarin rayuwar mata ya samu karɓuwa a jami'o'i. Saboda haka idan ka buɗe gabatarwa, duba sunan wanda ya rubuta ta da shekarar da ya rubuta.

Shin ɗan gida ma yana buƙatar gabatarwa?

Wani zai ce ai duk wannan don baƙi ne, mu da harshenmu da ƙasarmu me za a gaya mana? Wannan kuskure ne. Nisan zamani yana mai da ɗan gida baƙo kamar yadda nisan ƙasa yake yi.

Ɗauki kuɗi kawai. Tsofaffin labaranmu suna lissafi da wuri da zambar, na bayansu da anini da sule da fam. Naira ta zo a 1973. Yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000 ba shi da ma'aunin da zai gane ko zambar ashirin dukiya ce ko kuɗin cefane. Haka tafiya: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin nan fatake da jakuna da takarkarai suke yin kwanaki a hanyar da mota ke cinyewa yau kafin azahar. Wanda zai karanta Ganɗoki bai san wane ne Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse ba, bai kuma san yadda Turawa suka ci garuruwan Arewa ɗaya bayan ɗaya ba, zai kasa raba inda tarihi ya tsaya da inda tatsuniya ta fara, alhali daɗin littafin yana cikin wannan haɗi.

Ba sai an je nesa ba ma. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980 zuwa 1990, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, an rubuta su ne kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Labari yakan rataya a kan wasiƙar da ba ta isa ba, ko ɗan aiken da ya ci amana, ko saurayin da ya yi tafiya aka daina jin ɗuriyarsa. Matashiyar yau za ta ce, me ya hana ta kira shi? Nan da shekara ashirin waɗannan littattafai za su buƙaci mai yi musu shimfiɗa kamar yadda Shaihu Umar yake buƙata yanzu.

Gado ne daga malamanmu

Rubuta gabatarwa ba al'adar da boko ya kawo mana ba ce. Duk wanda ya zauna a zaure ya san cewa malaman Musulunci ba sa fara littafi sai da muƙaddima. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya bayyana tun a farko cewa roƙonsa aka yi ya rubuta taƙaitaccen littafi don koyar da yara, kuma wannan bayani shi ke sa a gane dalilin tsarin littafin da sauƙinsa.

Ibn Khaldun ya zauna a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau a 1377 don ya rubuta shimfiɗar babban littafinsa na tarihi. Ra'ayinsa shi ne ba za a fahimci labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe ba sai an san yanayin ƙasa, da bambancin zaman ƙauye da na birni, da hanyoyin neman abinci, da abin da ke haɗa kan jama'a har su kafa daula. Shimfiɗar ta yi nauyi har ta zama littafi mai zaman kansa, kuma a yau ta fi ainihin tarihin suna.

A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, bai faɗa cikin labarin jihadi kai tsaye ba. Sai da ya fara zagayawa da mai karatu ƙasashen Tukururu, yana bayyana su da mutanensu da malamansu, sannan ya shiga labarin Shehu Usmanu. Ya san cewa wanda bai san filin ba, ba zai gane abin da aka yi a kansa ba.

Inda gabatarwa take yin ɓarna

Ba kowace gabatarwa ce alheri ba. Akwai illoli huɗu da ya kamata a yi hattara da su.

Na ɗaya, tona ƙarshen labari. Wasu masu gabatarwa, musamman malaman jami'a, sukan ɗauka kowa ya riga ya karanta littafin, sai su faɗi wanda ya mutu da wanda ya auri wa tun a shafi na biyu.

Na biyu, danne muryar marubuci. Littafin Frantz Fanon na ƙarshe, wanda ya fito a 1961 ana tsakiyar yaƙin 'yancin Aljeriya, ya zo da gabatarwar shahararren masanin Faransa Jean-Paul Sartre. Ta jawo wa littafin kasuwa, amma masana da dama sun yi ƙorafin cewa ta fifita batun zubar da jini fiye da yadda Fanon ya yi, har mutane da yawa suka yanke wa littafin hukunci da abin da Sartre ya faɗa.

Na uku, kallon baƙo. Idan wanda ba ɗan ƙasa ba ya bayyana al'ada, yakan ga abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani, wannan riba ce. Amma yakan kuma auna mutane da ma'aunin ƙasarsu. A karɓi iliminsa, a kuma tace hukuncinsa.

Na huɗu, kuma shi ya fi yawa a wurinmu, gabatarwar yabo. A nemi mai sarauta ko mai muƙami ya sa hannu don ranar ƙaddamarwa ta yi armashi, shi kuma ya cika shafi da kirari da addu'a, wataƙila bai ko buɗe littafin ba. Addu'a abu ne mai kyau, amma mai karatu ya fita daga shafin bai ƙaru da komai game da duniyar da zai shiga ba.

A karanta ta kafin labari ko bayansa?

Ya danganta da irin littafin. Idan na tarihi ne, ko tarihin rayuwa, ko fassara daga wata al'umma, ko wanda ya haura shekara hamsin, fara da gabatarwa. Idan ƙagaggen labari ne kuma kana tsoron a tona maka ƙarshensa, karanta sashen da ya yi maganar marubuci da zamani da wuri, da ka ga an fara bin labarin daki-daki sai ka tsaya, ka dawo bayan ka gama. Komawa gare ta a ƙarshe yana da riba ta musamman, domin a lokacin kana da naka ra'ayin da za ka gwada da na mai gabatarwa. Gabatarwa ra'ayin mutum ɗaya ce, ana iya yarda da ita, ana iya saɓa mata.

Yadda za ka gane gabatarwa ta ƙwarai

Idan ka gama karanta ta, tambayi kanka waɗannan: Na san shekarun da labarin ya faru? Zan iya nuna wuraren a taswira? Na san wanda ke mulki da yadda talaka yake ci da sha? An bayyana mini al'adun da za su iya ruɗa ni? Na san wane ne marubucin, da halin da yake ciki lokacin da ya yi rubutun, da waɗanda ya rubuta wa? An bar mini labarin in ɗanɗana da kaina? Idan amsoshin duka e ne, mai gabatarwar ya sauke nauyin da ke kansa, ko da a shafi uku ya yi.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Littattafan gasar 1933 sun haura shekara casa'in. Dattawan da za a tambaya su warware abin da ke cikinsu sun ƙare, jikokinsu ma sun manyanta. Duk kamfanin da zai sake buga ɗaya daga cikinsu, ya dace ya nemi masani ya rubuta masa sabuwar gabatarwa da Hausa, mai sauƙi, da taswira da jerin muhimman shekaru. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da malaman da za su iya wannan aiki, kuma bai kamata a ce mai karanta Shaihu Umar da Turanci ya fi mai karanta shi da Hausa samun bayani ba. Marubutan yau su riƙa rubuta shekara da garin da suka yi rubutu, su kuma zaɓi mai gabatarwa don iliminsa, ba don rawaninsa ba. Malaman makaranta su ware darasi guda ga shafukan farko kafin a shiga babi na ɗaya. Kai kuma mai karatu, littafin da za ka ɗauka nan gaba, ka ba gabatarwarsa minti goma kafin ka wuce.